DARASI A KAN KUFAI: TAFIYA DA JA-GORA A KWARIN RIMA

Darasinmu na wannan wata a kan kufai ne, watau wuraren da mutane suka zauna a dā, suka yi noma, suka haifu, suka binne matattunsu, sa'an nan suka tashi suka bar su. Da fari za mu leƙa ƙasashen nesa, inda waɗansu mutane suka gina gidajensu cikin kogwannin dutse. Daga nan mu komo gida, mu bi Gulbin Rima daga Wurno zuwa Goronyo, har mu kai kufan Alƙalawa. A ƙarshe mu ga yadda ya kamata mutum ya shirya irin wannan tafiya, da abin da ya sa ba a yinta sai da ja-gora.

Watakila wani zai ce, ina amfanin zuwa kallon tsohon bango? Ga amsa. Yawancinmu muna da kufai a bayan garinmu, amma in yaro ya tambaye mu su wane ne suka zauna a wurin, ko me ya tashe su, sai mu yi shiru. Dattawan da suka san amsar suna ƙarewa ɗaya ɗaya. In ba mu tambaye su yanzu ba, 'ya'yanmu za su gaji tudun ƙasa wanda ba shi da suna.

GIDAJEN KOGO NA AMURKA

A jihar Kolorado ta Amurka akwai wani tudu mai fāɗi da a ke kira Mesa Berde. Ruwa ya yanka shi ya yi kwazazzabai masu zurfi ƙwarai, a jikin bangayensu kuwa akwai manyan kogwanni. Cikin kogwannin nan ne kakannin mutanen Fuwebulo suka gina gidaje da dutse da yumɓu, tun wajen shekarar 1190. An ƙirga irin gidajen nan wajen 600. Mafi girma duka yana da ɗakuna wajen 150, da ɗakunan taro 23 masu kama da rijiya, an ce kuma mutum wajen 100 suka zauna a ciki.

Gonakinsu suna bisa tudun. Suna noman masara da wake da kabewa, suna kiwon talotalo. Kowace safiya sai su hau ta 'yan ramukan da suka sassaƙa a jikin dutse domin sa hannu da ƙafa, da yamma su sauko da kaya a baya. Ruwan sha kuwa, a ƙuryar kogo waɗansu su ke samunsa, gama ruwan sama yakan tsatsa cikin dutsen yashi, in ya tarar da dutse mai tauri a ƙasa sai ya fito kamar ɗan marmaro.

Kafin shekarar 1300 duk sun tashi sun yi kudu. Me ya tashe su? Masana sun duba azarar ɗakunan. Kowace shekara itace yakan ƙara zobe ɗaya a cikinsa. Zoben shekarar ruwa yana da kauri, na shekarar fari kuwa siriri ne. Da suka ƙirga zobban nan sai suka ga an yi babban fari daga 1276 zuwa 1299. Akwai kuma alamun faɗa da ƙarancin itace. Jikokinsu suna nan har yau, su ne Hofi da Zuni da sauran garuruwan Fuwebulo, ba su kuwa ɗauki wurin nan kufai kawai ba, gidan kakanninsu ne.

A Disamba 1888 waɗansu makiyaya biyu masu neman shanunsu suka hangi babban gidan. Labari ya bazu, mutane suka yi ta zuwa suna haƙa. A 1891 wani ɗan ƙasar Suwidin ya kwashi kaya masu yawa har da gawawwaki, suka ƙare a gidan tarihi na ƙasar Finlan. Sai a 1906 gwamnati ta mai da wurin abin tsarewa. A 2020 aka komo da ƙasusuwan mutum 20 aka sake binne su a ƙasarsu. Yanzu ba mai shiga babban gidan sai tare da ma'aikacin wurin, shi ne a gaba, baƙi suna binsa ta matakai da tsani. Haka kuma a Kwarin Di Shei na jihar Arizona, wanda ke cikin ƙasar Nabaho, mai son bin cikin kwarin sai ya nemi ja-gora mai izini.

DUTSEN BANDIYAGARA

Ba sai mun ƙetare teku za mu ga irin wannan ba. A ƙasar Mali akwai bangon dutse na Bandiyagara, tsawonsa wajen mil 90. Tun wajen ƙarni na 11 waɗansu mutane da a ke kira Telem suka gina rumbuna na yumɓu a kogwannin da ke can bisa jikinsa, a can kuma su ke ajiye matattunsu. Da ya ke ruwan sama ba ya shiga kogwannin, an sami tufafin saƙa a ciki waɗanda suna cikin mafiya tsufa da aka taɓa samu a Afirka ta Yamma. Daga baya Dogon suka zo suka kafa ƙauyukansu a gindin dutsen, suna nan har yau. A 1989 Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gādon duniya. A dā samarin Dogon da yawa suna cin abinci da kai baƙi daga ƙauye zuwa ƙauye, amma tun da rikici ya tashi a Mali a 2012 baƙin suka ɗauke ƙafa.

Wurin nan yana da zumunci da Wurno. Alhaji Umaru Futi, da ya komo daga Makka, ya zauna shekaru a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya auri 'yarsa. Bayan rasuwar Bello ya yi yamma ya kafa daularsa, a 1864 kuwa ya mutu a wani kogo kusa da Bandiyagara.

To, ga abin lura na fari. Gidajen Mesa Berde da na Bandiyagara sun daɗe domin dutse ya yi musu rumfa. Namu garuruwan da ƙasa aka gina su, a fili su ke, kowace damina tana cin rabonta. Saboda haka wanda ya je namu kufai ba tare da mai bayani ba, ba abin da zai gani sai gona.

WURNO DA RABA

Bari mu ɗauka mun tashi daga Sakkwato da sassafe, mun yi arewa maso gabas mil 20 da ɗoriya. Ga Wurno a bisa tudu, ga fadamar Rima shimfiɗe a ƙarƙashinta, kore shar da shinkafa da albasa da tafarnuwa. Kada mu yi gaggawar shiga gari. Mu tsaya a bakin tudu mu tambayi kanmu, don me aka kafa gari a nan?

Amsar tana gabanmu. Mai tsaye a nan yana hangen nesa, maharan doki ba za su iso ba a gan su ba. Ga ruwa kusa, ga ƙasar noma, ga ciyawar dabbobi. Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya gina Wurno wajen 1830 ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka. Dabararsa ita ce ya kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka ta wajen Gobir da Zamfara, ya zaunad da Fulani makiyaya da manoma da masu sana'a a ciki, ya sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa su riƙe su. Shi kansa ya zauna a Wurno, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa ya ke, mutane suna zuwa ziyara har yau.

Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya mai da mazauninsa. A zamaninsa ne Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a garin a 1853, ya kuma sāke biyowa a 1854. Ya tarar mutane suna zaman ɗar-ɗar saboda harin Gobirawa. Waɗansu sarakunan da suka biyo baya su ma sun fi zama a Wurno, har Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903.

Kudu da Wurno, a bakin Gulbin Sakkwato, ga Raba. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Bello, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, da sunan garin a ke kiransa. Jikansa shi ne Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A Raba aka haife shi, ya riƙi ƙasar a 1934, daga baya ya zama Firimiyan Jihar Arewa har aka kashe shi a Janairu 1966.

Wurno da Raba ba kufai ba ne, garuruwa ne masu rai. Amma tsohon gari yana kwance ƙarƙashin sabo. Ja-gora ɗan gari zai iya tsai da mu a bakin wata hanya ya ce, a nan ganuwa ta bi, a nan ƙofa ta ke, alhali mu ba mu ga kome ba sai shaguna.

DUWATSUN GORONYO

In mun bi gulbi muka yi gaba sai Goronyo. A nan akwai babbar madatsar ruwa da aka gama a 1984, tsawon bangonta ya kusa mil 8. Amma abin da ya kawo mu ya girmi madatsa, ya girmi ribaɗi, ya girmi Gobir.

A jikin tuddan ƙasar nan, inda ruwa ya zaizaye, ana ganin ƙasa hawa hawa kamar an jera tabarmi, wani hawa ja, wani fari, wani toka-toka. Masanan duwatsu sun raɗa wa hawan nan sunayen garuruwanmu: akwai na Taloka, da na Dukamaje, da na Wurno. Sun ce kimanin shekara miliyan 66 zuwa 70 da suka wuce, teku ne ya rufe wurin nan. Shaidarsu ita ce ƙasusuwan kifaye da kunkuru da kadduna da a ke samu sun zama dutse a hawan Dukamaje.

Cikinsu akwai wata babbar dabbar ruwa, dangin ƙadangaru, mai dogon baki kamar na kada. An fara bayyana ƙasusuwanta a 1930. Waɗansu masana daga Italiya suka zo suka sami ƙari, a 1972 suka ba ta suna Goronyosaurus, watau ƙadangaren Goronyo. Ɗalibai a ƙasashen da ba su taɓa jin labarin albasar Goronyo ba suna karanta sunan garin a littattafansu, yaran garin kuwa da yawa ba wanda ya taɓa faɗa musu.

ALƘALAWA

Gaba da Goronyo, a ƙasar Sabon Birni ta yau, a bakin gulbin nan dai, a nan kufan Alƙalawa ya ke. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfara da yaƙi, ya kafa birninsa a nan. An ce wurin na alƙalin Zamfara ne a dā, shi ya sa sunan. Daga nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, har Gobir ta zama abin tsoro ga maƙwabtanta. Bayansa aka yi Yakuba, da Nafata, da Yunfa.

A zamanin Yunfa ne saɓani ya tsananta tsakanin fada da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. A Yuni na shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. A ƙarshen shekarar kuwa, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, su ne suka sha kashi, malamai da yawa suka mutu. Birnin bai faɗi ba sai a Oktoba 1808, lokacin da Muhammadu Bello ya ja runduna ya shige shi, aka kashe Yunfa. Gobirawa ba su ƙare ba. Sun ci gaba da yaƙi, bayan kāshin da suka sha a Gawakuke a 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya waɗansunsu suka kafa Sabon Birni.

Mu lura, wajen rabin ƙarni kaɗai Alƙalawa ta yi tana babban birni. Yau shekara 200 da ɗoriya ke nan damina tana dukan ganuwarta. Mu gwada ta da Surame, birnin Kanta na Kabi, yamma da Sakkwato. An gina Surame tun ƙarni na 16, an bar ta a farkon ƙarni na 18, amma da ya ke an sa dutse a ganuwarta, har yanzu waɗansu sassan suna tsaye. Gwamnati ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964.

Ga abin lura na biyu. Labarin faɗuwar Alƙalawa baki biyu gare shi. Bello ya rubuta nasa a littafinsa Infaƙul Maisuri, Gobirawa kuwa sun riƙe nasu a bakin dattawa da maroƙa. In Bagobiri ya kai mu wurin, zai faɗi abin da aka yi wa kakanninsa. In Basakkwace ya kai mu, zai faɗi abin da ya sa kakanninsa suka ɗauki makami. Mai neman sani sai ya saurari duka biyu da haƙuri, kada ya mai da ziyara wurin tā da tsohuwar gaba, gama jikokin mutanen nan maƙwabta ne yau, kasuwa ɗaya su ke ci.

YADDA A KE KARANTA KUFAI

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ga waɗansu alamu da ja-gora nagari zai nuna mana.

1. Kukoki. In muka ga kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar daji, sau da yawa gari ne ya taɓa zama a wurin, gama mutane suna barin kuka kusa da gida domin miya da igiya.

2. Dogon tudu mai lanƙwasa, da kwari a bayansa. Wannan ganuwa ce da ta narke, kwarin kuwa gwalalo ne inda aka ɗebi ƙasar ginin. Inda tudun ya yanke, watakila ƙofa ce.

3. Tsingaro. Inda ya yi yawa a ƙasa, a nan gidaje suka yi yawa. Kaurinsa da zanen bakinsa suna nuna ko tulu ne, ko tukunya, ko randa.

4. Ramuka masu zagayayyen baki kusa da juna. Waɗannan marina ce. Gari mai marina babba yana da masaƙa da fatake.

5. Baƙaƙen dunƙule masu nauyi kamar dutsen da ya ƙone. Kashin tama ke nan, alamar an narka ƙarfe a wurin.

6. Tsofaffin rijiyoyi da duwatsun niƙa. Su ne ke nuna inda mata suka yi aikinsu na kullum.

Duk waɗannan ido yana iya koyonsu. Amma sunan unguwa, da sunan ƙofa, da wanda ke kwance cikin kabarin can, ba a karanta su a ƙasa. Sai an ji daga bakin wanda ya ji daga kakansa. Amfanin ja-gora ke nan na fari. Na biyu, ya san inda tsohuwar rijiya ta ɓuya cikin ciyawa. Na uku, ya san mai gonar da za mu ratsa, da wurin da mutanen gari ba su so a taka.

SHIRI DA LADABI

Kafin kome sai mu yi maganar tsaro, gama ba za mu ɓoye muku ba, gabashin Sakkwato ya sha wuya a hannun 'yan bindiga. A Yuli 2018 an kai hari ƙauyen Tabanni a ƙasar Raba. A Oktoba 2021 an kai hari kasuwar Goronyo, mutane da yawa suka mutu. Ƙasar Sabon Birni, inda Alƙalawa ta ke, tana cikin waɗanda suka fi shan wahala. Saboda haka kada kowa ya karanta darasin nan ya ɗauki matasa ya kama hanya. A tambayi hukuma da mutanen wurin tukuna. In sun ce a dakata, a dakata. Kufai ya jira shekara 200, zai iya jiran wata shekara. Kafin nan a fara da wanda ke kusa da gida, ko a je gidan tarihi na Waziri Junaidu a cikin Sakkwato.

In hanya ta yi kyau, ga ƙa'idodi.

A fara da gaisuwa. A je wurin uban ƙasa ko mai gari a faɗi abin da ya kawo mu, shi zai haɗa mu da dattijon da ya san wurin. A yi maganar abin da za a ba ja-gora tun kafin a tashi, kada a raina shi, gama ya bar aikinsa domin mu. A kira shi Baba ko Malam, a bar shi ya yi gaba, kada yaro ya katse shi yana magana.

A zaɓi lokaci. Watannin hunturu, Disamba da Janairu, sun fi. Da bazara zafin ƙasar nan yakan wuce awo 40, da damina kuwa fadama takan cika, kwazazzabo yakan kawo ruwa ba labari ko da ba a yi ruwa a inda mu ke tsaye ba. A tashi da asuba, a komo kafin rana ta take.

A ɗauki ruwa fiye da yadda a ke tsammani za a sha, da malafa, da takalmi mai rufe ƙafa saboda ƙaya da ƙarangiya. Kada a sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, gama nan ne gidan kunama da kububuwa. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau. A kwantad da mutumin, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a kai shi asibiti maza. A ƙirga mutane wajen tashi, a ƙirga su wajen komowa.

A girmama kaburbura. In mun je hubbaren Bello a Wurno, mu tuna wuri ne mai daraja ƙwarai a wurin maƙwabtanmu Musulmi. Mu nemi izini, mu tsaya inda aka ce mu tsaya, mu tuɓe takalmi in an ce mu tuɓe, mu rage murya, kada mu ɗauki hoto sai an yarda. Yadda mu ke so baƙo ya yi a makabartar iyayenmu, haka za mu yi a ta waɗansu.

Kada a ɗauki kome. Tsingaro ɗaya ba kome ba ne a aljihu, amma in kowane baƙo ya ɗauki ɗaya, shekara goma wurin zai zama bebe. Kada a hau ragowar bango, kada a rubuta suna a jikinsa.

ABIN DA KE CIN KUFAI

Abu huɗu ne. Na ɗaya ruwa, ko na sama ko na gulbi. Ambaliyar 2010 ta cinye ƙauyuka da gonaki da yawa a kwarin Rima, abin da ya rushe gidan mai rai kuwa ba zai bar na matacce ba. Na biyu garma da masu ɗibar ƙasar tubali. Ba mu ga laifin manomi ba, abinci ya ke nema, amma in mai gari ya sa aka bar ɗan fili a gefen ganuwa da kaburbura, gonar ba za ta ragu da yawa ba. Na uku masu haƙa domin sayarwa. An fitad da mutum-mutumin yumɓu masu yawa na ƙasar Sakkwato da Katsina da Nok zuwa ƙasashen waje a ɓoye, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi mutane kada su saya. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana cinikin irin kayan nan da fitad da su ba da izini ba. Wanda ya tono wani abu a gonarsa, sai ya sanad da mai gari da ma'aikatan gidan tarihi. Abin da aka cire daga inda ya ke kwance ya rasa rabin labarinsa, mun kuwa ga shekarun da mutanen Fuwebulo suka yi suna jiran ƙasusuwan kakanninsu.

Na huɗu shi ne mantuwa, ya kuwa fi sauran sauri. Tashin hankali ya kori dattawa da yawa daga ƙauyukansu, waɗansu suna zaune a Sakkwato, waɗansu sun ƙetara Nijar. Watakila wanda ya san sunayen ƙofofin wani tsohon birni yana zaune a unguwarmu yanzu, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Wannan kam muna iya maganinsa ba tare da mun je ko'ina ba.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa gidajen Mesa Berde suka daɗe fiye da ganuwar Alƙalawa?
2. Ta yaya azara ta nuna shekarun fari?
3. Mene ne ribaɗi? Don me aka gina Wurno a bisa tudu?
4. Wace shaida ce ta nuna teku ya taɓa rufe ƙasar Goronyo?
5. Faɗi alamu huɗu da a ke gane kufai da su.
6. Faɗi amfani uku na ja-gora.

AIKIN WANNAN WATA

Kowane mai karatu ya nemi dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ya tafi da goro da littafin rubutu. Ya tambaya: Daga ina mutanen garinmu suka taso? Me ya tashe su? Ina kufan ya ke, me ya rage a wurin? Ya rubuta amsar yadda aka faɗe ta, kada ya gyara, ya sa ranar da aka yi hirar. In akwai waya mai ɗaukar murya, a nemi yardarsu a ɗauka. Sa'an nan ku taru ku karanta wa juna, ku sa yara su zauna su ji, ku ajiye littafin inda gara ba za ta ci shi ba.